Yadda ake dawo da sha'awar girki bayan an ƙosa da shi

Wanda ya ce ya gaji da girki, galibi ba dukan girkin ne ya ishe shi ba. Abin da ake kira girki ayyuka biyar ne a haɗe: tunanin abin da za a dafa, cefane, gyaran kaya, dahuwar kanta, sai wanke-wanke. Ɗaya ko biyu daga cikinsu ne suke yin nauyi, su ja sauran ƙasa. Daga nan sai a tsaya kan abinci biyu ko uku ana ta maimaitawa, ko a koma sayen na waje. Kayan miya suna laushi a firji, mutum yana ganinsu yana jin haushin kansa, haushin kuma yana ƙara nesanta shi da kicin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaman jiran sha'awa ta dawo kafin a ɗora tukunya. Ba haka take zuwa ba. Sai an yi girki mai sauƙi, ya fito da daɗi, an ci an gamsu, sannan rai yake son a sake. Duk matakan da ke ƙasa abu biyu suke yi: rage wahalar farawa, da tabbatar da cewa abin da zai fito daga tukunya zai ciwu.

Mataki na 1: Ku gano inda abin yake tsayawa

Na kwana uku, duk lokacin da ya kamata ku yi girki amma kuka fasa, ku rubuta dalilin a layi ɗaya. Idan abin da yake yawan fitowa shi ne "ban san me zan dafa ba", tunani ne ya gajiyar da ku. Idan "babu kayan girki a gida" ne, matsalar cefane ce. Idan ganin kwanukan jiya ne yake kashe muku jiki, wanke-wanke ne. Idan kuna dafawa amma ba kwa marmarin ci, ɗanɗano ne ya gundure ku. Kowanne da maganinsa, kuma sabon littafin girki ba zai yi wa mai fama da wanke-wanke komai ba.

Akwai abin da ya wuce kicin. Idan rashin sha'awar bai tsaya kan girki kaɗai ba, ya haɗa da abubuwan da kuke jin daɗinsu a da, barci ya rikice, cin abinci ya ragu ko ya ƙaru sosai, kuma an yi mako biyu ko fiye a haka, ku ga likita. Haka nan idan kun daina jin ƙamshi, domin yawancin abin da muke ji a matsayin daɗin abinci ta hanci yake zuwa.

Mataki na 2: Awa ɗaya ta gyaran kicin, ba tare da an dafa komai ba

Ku fara da wuƙa. Wuƙar da ta dakushe tana ninka lokacin yanka, tana zamewa a kan fatar tumatir, tana murƙushe albasa maimakon ta yanka ta, abin da ke ƙara fitar da ruwan da yake sa hawaye. Gwajinta ba wuya: idan sai kun danna kafin ta shiga nunannen tumatir, tana son wasawa. A jiƙa dutsen wasawa, a kwantar da bakin wuƙar a kansa da karkatar digiri 15 zuwa 20, a ja kamar sau goma a kowane gefe, a maimaita har ta kama. Katakon yanka kuma a shimfiɗa masa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa don kada ya riƙa yawo.

Sai kayan ƙamshi. Ku zuba kaɗan daga kowanne a tafin hannu, ku murza, ku shinshina. Wanda bai tashi ba ya mutu, a zubar. Niƙaƙƙen kayan ƙamshi yakan fara rasa ƙarfinsa daga wata shida zuwa shekara, wanda ba a niƙa ba kuwa yakan daɗe fiye da haka nesa. Ajiye su a saman murhu yana saurin kashe su saboda zafi da tururi. Mutane da yawa suna zaton hannunsu ne ya lalace, alhali da gari marar ƙamshi suke girki.

A ƙarshe ku fitar da komai daga firji, ku zubar da abin da ya lalace ba tare da dogon nadama ba, ku jera abin da ya kusa lalacewa a gaba inda ido zai fara sauka. Ku share wuri ɗaya a kan teburin aiki wanda katako da kwano biyu za su zauna, ku bar shi fili kullum.

Mataki na 3: Girki uku a mako, da rana da lokaci

Kada ku ɗaura niyyar dafa kowane abinci daga gobe. Irin wannan niyya kwana huɗu take yi. Ku zaɓi girki uku kacal a makon farko, ku rubuta ranar kowanne da abin da za a dafa, ku manna takardar inda za ku gan ta. Sauran ranakun a ci ragowa ko abin da ya sawwaƙa, babu laifi.

Yadda aka tsara niyyar yana da tasiri. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi fice da bincike a kan haka: wanda ya ɗaura niyyarsa a kan wani lokaci da wani wuri ya fi cika ta a kan wanda ya bar ta a sake. "Zan ƙara yin girki" ba ta da inda za ta kama. "Ranar Talata, da na ajiye jaka na wanke hannu, zan ɗora ruwa a wuta" tana da shi. Ku lura aikin farko ƙarami ne, ɗora ruwa kawai ko yanka albasa ɗaya. Wanda ya zauna ya ce bari ya huta minti goma da waya a hannu, da wuya ya tashi.

Shawarar abin da za a dafa a yanke ta lokacin da ciki yake cike, misali bayan karin kumallo na ranar hutu. Mai yunwa da gajiya ba ya iya zaɓi. A lokacin ne kuma za a rubuta cefanen girki ukun, ba ƙari, domin cefanen buri shi ne yake komawa ruɓaɓɓen ganye.

Mataki na 4: Ku mallaki girki uku da ba sa ba da kunya

Makon farko ba na gwaninta ba ne. Ana son abin da yake ƙarewa cikin wajen rabin awa, da tukunya ɗaya ko biyu. Ma'aunin nan na mutum biyu ne.

Ƙwai cikin tumatir. A zuba mai cokali babba 2 a kasko, a soya yankakkiyar albasa 1 a matsakaiciyar wuta minti 5 zuwa 6 har ta yi laushi. A sa tafarnuwa ƙwara 2 na rabin minti, a zuba yankakken tumatir 4 ko gwangwani ɗaya mai giram 400, da gishiri rabin ƙaramin cokali da barkono gwargwadon so. A bar shi minti 10 ya yi kauri. A yi gurbi huɗu da bayan cokali, a fasa ƙwai a kowanne, a rufe, a rage wuta, minti 5 zuwa 6. Idan miyar ba ta yi kauri ba kafin a fasa ƙwan, farin zai bazu cikin ruwa. Idan wuta ta yi yawa, ƙasa zai kama sama bai nuna ba.

Taliya da tafarnuwa. Ruwa lita 2, gishiri cokali babba 1, taliya giram 200. Tana dahuwa, a yanka tafarnuwa ƙwara 4 siri-siri, a zuba ta cikin mai cokali babba 4 tun man yana da sanyi, a ɗora a ƙaramar wuta minti 3 zuwa 4 har ta yi ruwan zuma mai haske. Tafarnuwar da aka jefa cikin mai mai zafi nan take take ƙonewa, ɗacinta kuma ba ya gyaruwa. A ɗebi rabin kofi na ruwan dahuwar a ajiye, a tsane taliyar saura minti ɗaya ta nuna, a juye ta cikin man, a zuba ruwan kaɗan-kaɗan ana juyawa. Sitacin da ke cikin ruwan ne yake haɗa man da ruwa su lulluɓe taliyar, maimakon man ya kwanta a ƙasan kwano.

Farar shinkafa. Kofi 1, a wanke har ruwan ya kusa washewa, a zuba ruwa kofi ɗaya da rabi zuwa biyu gwargwadon irin shinkafar. Da ta tafasa a mayar da wuta can ƙasa, a rufe ruf, minti 15 zuwa 18, ba buɗewa ba juyawa. A kashe wuta a bar ta a rufe minti 10. Juyawa yana fasa ƙwayar ya sa ta caɓe, buɗe murfi kuma yana sakin tururin da yake dafa ta saman. Wanda ya iya wannan, duk abin da ya ɗora a kai ya zama abinci: ragowar nama, soyayyen ƙwai, wake, ganye.

Mataki na 5: Gyaran ɗanɗano

A nan ya kamata a daɗe, domin gundurar da ake ɗora wa maimaici sau da yawa ba maimaicin ba ne. Abincin ne yake fitowa lami, komai da ɗanɗano iri ɗaya. Abu biyar suke jawo haka.

Na farko, gishiri a ƙarshe kawai. Wanda aka barbaɗa bayan an sauke a sama yake tsayawa, baki ya ji gishiri amma cikin abincin salam. A riƙa sa shi kaɗan-kaɗan: a kan albasa, a ruwan dahuwa, a kan nama tun kafin ya shiga wuta. Wannan ba ƙarin yawa ba ne, rarrabawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya tsaya ƙasa da giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, don haka a auna abin da za a yi amfani da shi tun farko a ɗan kwano, a riƙa ɗiba daga ciki.

Na biyu, rashin tsami. Idan kun ɗanɗana kuka ji gishiri ya ji amma abincin ya yi nauyi a baki, ba ƙarin gishiri yake so ba. Ku matsa rabin ƙaramin cokali na lemun tsami, ku juya, ku sake ɗanɗanawa. A sa shi bayan an sauke, domin dogon tafasa yana kashe ƙamshinsa. Ku gwada a cokali ɗaya kafin ku taɓa tukunya gaba ɗaya. Babu gyaran da ya kai wannan arha da saurin nuna kansa.

Na uku, abin da aka so a soya ya koma sulale. Launin ja-ja da ƙamshin da nama, albasa ko dankali suke yi a kasko sun samo asali ne daga haɗuwar sinadaran furotin da sukari a zafi mai yawa, abin da masanin kimiyya ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Wannan haɗuwa tana kankama ne idan zafi ya kai wajen digiri 140 na Salshiyas. Ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100 a buɗaɗɗen kasko. Muddin akwai ruwa kwance, abincin ba zai yi ja ba. Shi ya sa ake goge nama ya bushe kafin a soya, a bar kasko ya yi zafi sosai, a jera yankan da tazarar yatsa tsakaninsu, a kuma ƙyale shi minti 3 zuwa 4 ba a taɓa ba. Idan ya manne, bai shirya juyawa ba ne, da kansa zai saki. Cika kasko don a gama da wuri shi ne yake sa nama ya fitar da ruwa ya yi fari-fari. Gara a soya kashi biyu. Baƙi-baƙin da ya manne a ƙasan kasko kuma, in dai bai ƙone ba, kada a wanke shi: a zuba ruwa rubu'in kofi yana kan wuta, a kankare da cokalin katako, a mayar cikin miya.

Na huɗu, kayan ƙamshi a cikin ruwa. Yawancin ƙamshinsu a mai yake narkewa. A zuba su cikin man bayan albasa ta yi laushi, a juya na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya har ƙamshi ya tashi, sannan a zuba mai ruwa. Haka tumatirin gwangwani mai kauri: a soya shi minti 2 zuwa 3 har launinsa ya yi duhu, in ba haka ba gafinsa zai bi miyar.

Na biyar, komai laushi. Baki yana gajiya da abinci mai taushi ɗaya. Ɗanyar albasa da aka jiƙa a lemun tsami da gishiri minti 10, yankakken kabeji ko karas, soyayyen ɓarɓashin burodi, ɗanyen ganye mai ƙamshi, kowanne a kan abincin jiya yana mayar da shi wani abu dabam.

Ɗanɗanawa ita ce ke ɗaure duka biyar ɗin. A ɗanɗana aƙalla sau uku: bayan an haɗa, a tsakiya, da kafin a sauke.

Mataki na 6: A dafa tushe, kada a dafa abincin mako

Shawarar da ake yawan bayarwa ta dafa abincin mako guda a rana ɗaya ba ta dace da wanda gundura ta kama ba. Tana cinye ranar hutu, kuma zuwa kwana na uku ba wanda yake son buɗe robar. Abin da ya fi shi ne a tanadi tushe wanda za a iya juya shi ta fuska da yawa.

A soya manyan albasa 4 a mai rabin kofi, matsakaiciyar wuta, minti 15 zuwa 20. A sa tafarnuwa, a soya tumatirin gwangwani mai kauri cokali babba 2, a zuba markaɗaɗɗen tumatir kilo ɗaya da rabi, a bar shi minti 30 zuwa 40 har mai ya taso sama. Gishiri kaɗan kawai, ba wani kayan ƙamshi, domin ranar amfani ce za a ba shi fuska: yau da citta da kifi, jibi da wake, gata a fasa masa ƙwai. A raba shi kofi-kofi.

Ajiyar tana da ƙa'ida. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, don haka dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. A zuba a mazubi mai faɗi, zurfin abincin kada ya wuce santimita 5, don ya huce da wuri. A firji mai sanyin digiri 4 zai yi kwana 3 zuwa 4. A firiza zai yi wata 3 da daɗinsa. A rubuta kwanan wata a kan murfi. Shinkafa ta fi son kulawa: akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi sai ta saki dafin da ɗumamawa ba ya kashewa. A baza ta ta huce, a sa a firji cikin awa ɗaya, a cinye washegari, a ɗumama sau ɗaya tak har tururi ya ratsa ta. Wanda ba shi da firjin da zai dogara da shi ya bar wannan mataki, ya tsaya kan tanadin busassun kaya da dafa abin da za a cinye a zama ɗaya.

Mataki na 7: Wanke-wanke

A fara girki da wurin wanki fili, da ruwan kumfa mai ɗumi a shirye. Minti 15 ɗin da shinkafa take a rufe ya isa a wanke katako, wuƙa da kwanukan gyara. Tukunyar da aka juye a zuba mata ruwa nan take. Wadda ta yi ƙanzo a tafasa ruwa a cikinta minti 5, sai ya saki. Kwano ɗaya a gefen katako don ɓawo yana rage zirga-zirga. Inda mutum fiye da ɗaya suke ci, a yi maganar rabon aiki a fili, domin wanda ya dafa kuma ya wanke kullum shi kaɗai dole ya ƙosa.

Mataki na 8: Sabon abu ɗaya a mako

Daga mako na uku, idan girki ukun sun zauna, a shigo da sabo. Abu ɗaya ake canzawa: ko sabon kayan haɗi a tsohuwar hanya, ko sananniyar cima a sabuwar hanya. Kayan lambun da kuka saba dafawa a ruwa, ku yanka su santimita 2 zuwa 3, ku shafe su da mai da gishiri, ku baza a faranti ba tare da sun hau juna ba, ku gasa a obin a digiri 200 na minti 30 zuwa 35, ku juya a tsakiya. Idan da cinyar kaza a ciki, a ƙara lokaci har tsakiyarta ta kai digiri 74, ko ruwan da ke fita daga jikin ƙashi ya zama garau ba ja.

Sabon girki a karanta shi daga farko har ƙarshe kafin a kunna wuta, a yi shi ranar da ba sauri. Wanda yake neman kayan haɗi fiye da biyu da ba ku da su, ku ajiye shi sai gaba. Kallon bidiyon girki kuma a yi masa iyaka: awa guda ana kallon abin da ƙwararru suka shirya don kyamara yakan bar mutum da raina tukunyarsa. Ku zaɓi ɗaya, ku rufe waya, ku dafa shi sau uku cikin wata. Karo na farko koyo ne, na biyu gyara, a na uku ne hannu yake kamawa. Bayan kowane karo ku rubuta layi ɗaya, kamar "a rage ruwa rubu'in kofi".

Idan aka sake zamewa

Za a sami makon da komai zai watse. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL da ke Landan ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kwana 66 a matsakaici kafin ta zama jiki, wasu ƙasa da haka sosai, wasu fiye da wata takwas, kuma tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Saboda haka ba a rama girkin da ya wuce, ba a kuma tsara sabon jadawali mai tsauri. A koma Mataki na 4, a ɗauki mafi sauƙi a cikin ukun. Don wannan rana ake ajiye kayan girki ɗaya da ba sa saurin lalacewa: ƙullin taliya, gwangwanin tumatir, tafarnuwa, mai da gishiri. Duk ranar da aka taɓa su, a rubuta su a saman takardar cefane ta gaba.